Hoton Maganin da Ke Raguwa da Rabi Duk Minti 46: Gwajin Ɓeraye a Rotterdam

A shekarar 2016 mujallar Journal of Nuclear Medicine ta buga wani aiki da masu bincike na asibitin jami'ar Erasmus da ke Rotterdam suka yi tare da masana kimiyyar lissafi da injuna na jami'ar fasaha ta Delft, duka a ƙasar Holan, da masana sinadaran nukiliya na cibiyar binciken Tarayyar Turai da ke Karlsruhe a Jamus. Sunan Jan de Swart ne a gaba, a bayansa akwai irin su Marlies Goorden da Freek Beekman da Marion de Jong da Mark Konijnenberg. Abin da suka sa a gaba, a baki ba shi da wuya: a yi wa ɓera allurar maganin kansa mai ɗauke da bismut-213, a ɗauki hoton inda maganin ya sauka a cikin jikinsa. Da aka zo yi sai kusan kowane sashe na aikin ya ƙi ba da haɗin kai, tun daga maganin har kyamarar.

Ba haka kawai Rotterdam ta tsinci kanta a wannan harka ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 rukunin Eric Krenning ke aiki a can kan wani irin ƙari da ke fitowa daga ƙwayoyin jiki masu fitar da sinadaran hormon, galibi a hanji ko a gaɓar da ke sarrafa sukari, wato pancreas. Ƙwayoyin wannan ƙari suna da wata makama a fatarsu wadda sinadarin somatostatin ke kamawa, kuma suna da ita da yawa fiye da lafiyayyun ƙwayoyi. Sai aka ƙera ɗan guntun furotin mai kama da somatostatin, aka ɗaura masa ƙwayar zarra mai fitar da tururin nukiliya, ya zama ɗan aike mai kai saƙon mutuwa har ƙofar ƙarin. Daga nan aka samo maganin DOTATATE mai ɗauke da lutishiyam-177, wanda aka fara ba marasa lafiya a Rotterdam a shekarar 2000, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017, Amurka kuma a farkon 2018, da sunan Lutathera.

Lutishiyam mai sauƙin kai ne ga mai ɗaukar hoto. Yana ɗaukar kwana shida da rabi da ɗan wani abu kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, kuma ban da ƙwayoyin bita da ke yin aikin kisa, yana fitar da hasken gama mai ƙarfin keV 113 da 208 (keV ma'aunin ƙarfin irin wannan haske ne), wanda kyamarorin asibiti ke gani ba tare da wata wahala ba. Sai dai akwai ƙarin da bita ba ta iya masa. A 2014 likitoci a Heidelberg, ƙarƙashin Clemens Kratochwil, suka ba da rahoton wasu marasa lafiya da magungunan bita suka daina yi musu aiki, amma ƙarin nasu ya ja da baya da aka ba su ɗan uwan wannan magani mai ɗauke da bismut-213. Bismut ɗin nan alfa yake harbawa.

Ƙwayar alfa nauyi gare ta, furoton biyu da niyutiron biyu a dunƙule. A cikin tsoka ba ta yin tafiyar da ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato faɗin ƙwayoyin jiki ƙalilan, kuma fallen takarda ma yana tare ta. Amma a wannan ɗan taƙin take zubar da duk ƙarfinta, ta tsinka igiyoyin gadon halitta biyu na ƙwayar a lokaci guda, irin tsinkewar da ƙwayar jiki ba ta cika iya gyarawa ba. Bahaushe ya ce harbi ga wutsiya ya fi kuskure. A nan karin maganar bai zauna ba. Ƙwayar alfa da ta tashi milimita ɗaya nesa da ƙari ba ta taɓa shi ko kaɗan ba, wadda kuwa ta tashi a cikin ƙoda, ƙodar ce ta sha. Kuma ta ƙoda waɗannan ƙananan furotin ke fita daga jiki, wani kasonsu ma ƙodar tana tsotsewa ta riƙe. Saboda haka tambayar ina maganin yake, nawa ne a wurin, kuma minti nawa ya yi a can, ita ce ke raba magani da guba.

Tsohuwar hanyar amsa tambayar sananniya ce a ɗakunan gwaji. A yi wa ɓeraye da yawa allura, a kashe rukuni ɗaya bayan minti goma, wani bayan rabin sa'a, wani bayan sa'a ɗaya, a feɗe su, a cire ƙari da ƙoda da hanta da jini, a auna nauyin kowanne, a saka a na'urar ƙirga tururi. Hanyar tana ba da adadi mai kyau, kuma har gobe da ita ake gwada sauran hanyoyi. Aibinta shi ne kowane ɗigo a kan jadawalin ɓeraye ne daban, ba a taɓa ganin tafiyar magani a jikin dabba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Ƙoda kuma ana ƙirga ta a dunƙule, ba a san ko maganin a ɓawonta yake ko a tsakiyarta ba. Ga kuma dokar Tarayyar Turai ta 2010 da ke tilasta rage yawan dabbobin gwaji duk inda hali ya yi.

Yadda kyamarar ke gani

Ƙwayar alfa ba ta fitowa daga jiki, don haka babu kyamarar da za ta gan ta daga waje. Abin da ake kamawa shi ne hasken gama da ke tserewa a lokacin da zarrar ta rushe. Kyamarar da ke wannan aiki Hal Anger ne ya ƙirƙiro ta a Berkeley ta Amurka a ƙarshen shekarun 1950, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba: faffaɗan kiristal na sodiyam ayodaid, kaurinsa kusan milimita tara da rabi, wanda ke walƙawa duk lokacin da gama ta buge shi, da jerin bututu a baya masu gano inda walƙiyar ta faru da kuma ƙarfinta.

Gama ba ta lanƙwasuwa da gilashi kamar hasken rana. Hanya ɗaya ta sanin inda ta fito ita ce a toshe duk wadda ta zo ta hanyar da ba a so. Shi ya sa ake sa rariya ta dalma ko ta tangistan a gaban kiristal ɗin. Ga ɓera, wanda duka nauyinsa giram 20 zuwa 30 ne, ƙodarsa kuma tsawonta wajen santimita ɗaya, rariyar asibiti ba ta da amfani, domin abin da ya gaza santimita ɗaya duk dishi-dishi take nuna shi. Sai aka koma ga hudar allura. Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗaki mai duhu da rana, ya ga inuwar masu wucewa a kife a jikin bango ta wata 'yar kafa a ƙyaure, ya san dabarar. In ɓera yana dab da hudar, kiristal kuma yana nesa, hoton yana faɗowa a faɗaɗe, ƙananan abubuwa su fito. Beekman da mutanensa sun ƙera na'ura mai huda 75 da ke kewaye ɓera, manyan kyamarori uku a tsaye kamar murhu, babu abin da ke juyawa sai gadon ɓeran da ke matsawa kaɗan-kaɗan. Kwamfuta ce ke haɗa waɗannan ƙananan hotuna ta fitar da siffar cikin jiki ta kowace fuska. Wannan salo shi ake kira SPECT.

Duk wannan an gina shi ne domin teknishiyam-99m, sinadarin da aka saba ɗaukar irin wannan hoto da shi, wanda gamarsa keV 140 ce. Dalma mai kaurin da bai kai sulusin milimita ba tana rage irin wannan haske da rabi. Gamar bismut-213 kuwa keV 440 ce, kuma sai an sa dalma wajen milimita uku kafin a rage ta da rabi. Ninki goma ke nan. Bakin hudar allura siriri ne kamar kaifin wuƙa, gama mai wannan ƙarfi kuma ratsa shi take yi kamar babu shi. Hudar da aka huda ƙasa da milimita ɗaya sai ta zama wawakeken rami a wurin irin wannan haske, hoto ya dagule. Wadda ta bi ta hudar daidai ma, mafi yawanta ratsa kiristal ɗin take ta wuce ba tare da ta bar cikakkiyar shaida ba.

Akwai wata hanya da ke kama da mafita. Bismut-213 yana kuma fitar da hasken eksire mai rauni, wajen keV 79, wanda kowace rariya ke iya sarrafawa. Wanda bai san dawan garin ba nan zai nufa. Matsalar ita ce wannan yanki na ma'aunin ƙarfi nan ne juji. Gamar 440 da ta yi karo da tsoka ko ƙarfe ta rasa ƙarfi, nan take faɗowa. Ƙwayoyin bita da bismut ɗin ke fitarwa suna haifar da nasu hasken in sun tsaya, shi ma a nan ƙasa yake taruwa. Ƙarfen rariyar kansa, in gama mai ƙarfi ta buge shi, yana mayar da martani da eksire nasa. Ainihin saƙon kuma ɗan kaɗan ne a tsakiyar wannan hayaniya.

Rariyar da aka yi wa wani aiki

Abin da ya ceci aikin an ƙera shi ne da wata niyya daban. A Delft, Goorden da Beekman suna neman na'ura ɗaya da za ta ɗauki sinadaran SPECT da na PET, wani salon hoton cikin jiki, a lokaci guda, su kuma sinadaran PET gamarsu keV 511 ce, ta ma fi ta bismut ƙarfi. A 2013 suka bayyana na'urar, mai suna VECTor, wadda kamfanin MILabs ke ƙerawa. Dabararsu tana da kyau ƙwarai, kuma da zarar an ji ta sai a ce ai kowa ma zai iya tunaninta. Hudar da bakinta ya buɗe sosai tana ganin fili mai faɗi, amma gefenta siriri ne. In aka matse kusurwar buɗewar, ƙarfen da ke gefen hudar yana yin kauri ta fuskar da gama ke zuwa, ratsawa ta ragu, sai dai hudar ba ta ganin wuri mai yawa. Sai suka maye gurbin kowace huda mai faɗin baki da gungun huda huɗu matsattsu, kowace tana kallon rubu'in filin, a cikin bututun tangistan mai kauri. Huɗun tare suna ganin abin da ɗayar ke gani a da. Lissafin da kwamfuta ke yi wajen haɗa hoton shi ma aka sanar da shi yawan gamar da za ta ratsa ƙarfe duk da haka, da zurfin da take kaiwa cikin kiristal, don ya gyara.

Na'urar da ke iya 511 za ta iya 440. Abin da ya rage shi ne agogo.

Bismut-213 ba a ajiye shi. Minti 46 ƙarfinsa ya ragu da rabi, bayan sa'a uku abin da ya saura wajen kashi ɗaya ne cikin sha shida. Ba za a iya ɗauko shi daga Jamus ba, sai dai a ɗauko uban kakansa, aktiniyam-225, mai kwana goma kafin ya ragu da rabi, wanda shi kuma ake cirowa daga toriyam-229 da aka samu daga tsohon ajiyar yuraniyam-233. Wurare ƙalilan ne a duniya ke da wannan toriyam, Karlsruhe na cikinsu, da Oak Ridge a Amurka da Obninsk a Rasha. Ana liƙa aktiniyam ɗin a wani ɗan bututu, yana rushewa yana tara bismut, duk bayan sa'a biyu zuwa uku a wanke bismut ɗin da ruwan sinadari. Masu wannan sana'a saniya suke kiran irin wannan bututu, wankewar kuma tatsa. Daga tatsa sai a haɗa da furotin, a dumama, a bari ya huce, a duba ko ya kamu da kyau, a ja a sirinji, a sa wa ɓera iskar barci, a nemi jijiyar wutsiyarsa. Kowane minti a wannan layi ana biyansa da hasken da ba zai dawo ba.

Sun fara da abin gwaji na roba mai ramuka sirara jere da juna, aka cika su da ruwan bismut. Da aka gina hoton da gamar 440, ramuka masu faɗin milimita 0.75 suka fito a rarrabe, hoton kuma ya fi na keV 79 kyau nesa ba kusa ba. Haɗa hasken 79 da na 440 bai ƙara wani abin kirki a kan 440 ita kaɗai ba. Wato hasken da kowa ke gudu shi ne mai tsabta, domin a can saman ma'auni babu juji. Sun kuma nemi iyakar da adadin da na'urar ke bayarwa zai kasance abin dogaro, suka same ta a wajen megabekarel 0.24 a kowace mililita in an yi ɗaukar rabin sa'a (megabekarel ɗaya na nufin zarra miliyan ɗaya na rushewa kowace daƙiƙa).

Sai ɓeraye. Ɗaya lafiyayye ne, aka yi masa allurar megabekarel 7.4 na bismut ɗin ɗaure da DTPA, sinadarin da ƙoda ke tacewa da sauri, aka riƙa ɗaukar hoto duk minti biyar yana barci. A jere hotunan suka nuna tururin yana shiga ɓawon ƙoda, yana gangarawa ciki, yana bin bututun fitsari. Daga waɗannan adadi aka zana yadda yake hawa da sauka, aka lissafa yawan tururin da ƙodar ta sha. Wannan shi ne abin da feɗe ɓeraye ba ya bayarwa: tafiya guda a jiki guda. Ɗayan ɓeran mai ƙari ne, aka ba shi megabekarel 3 na ainihin maganin, DOTATATE mai bismut, kuma ƙarin ya fito a hoto. Amma a lura, an ɗauki wannan hoton ne bayan ɓeran ya mutu, kuma sa'a guda aka yi ana ɗauka.

A ganina wannan bayani na ƙarshe ya fi adadin 0.75 muhimmanci, ko da yake 0.75 ɗin ne ake yawan ambata. Megabekarel 3 na nufin zarra miliyan uku na rushewa kowace daƙiƙa. Wajen kashi 26 cikin ɗari ne kawai ke fitar da gamar 440. Daga cikinsu waɗanda ke dacewa da huda su kuma tsaya a kiristal ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Kuma ba duka maganin ke cikin ƙari ba, ɗan kaso ne, saura yana jini da ƙoda da mafitsara, ga shi yana raguwa ana kallo. Kaifin hoto a roba mai cike da tururi abu ɗaya ne, abin da ɓera mai rai zai iya ɗauka a jikinsa wani abu ne. Marubutan kansu iya abin da suka yi iƙirari shi ne cewa abin mai yiwuwa ne, kuma nan gaskiyar ta tsaya.

Akwai wata sa'a da bismut-213 ya zo da ita wadda ba a cika faɗa ba. Kusan kashi 98 cikin ɗari na rushewarsa bita yake fitarwa ya zama foloniyam-213, a nan ne gamar 440 ke fita, shi kuma foloniyam cikin miliyonci huɗu na daƙiƙa yake harba alfarsa. Ba shi da lokacin motsawa ko'ina. Saboda haka duk inda kyamara ta ga 440, nan alfa ta sauka. Taswirar haske ita ce taswirar ɓarna.

Da hankalin duniya ya koma kan aktiniyam-225 kansa, musamman bayan rahoton Heidelberg na 2016 kan masu kansar mafitsara ta maza, wato prostate, da aka ba maganin PSMA-617 mai aktiniyam, wannan sa'ar ta ƙare. Zarrar aktiniyam ɗaya alfa huɗu take harbawa a jere kafin ta huta: ta zama faransiyam-221, ta zama astatin-217, ta zama bismut-213, ta zama foloniyam-213, har ta ƙare a bismut-209. Tun harbin farko, kamar bindigar toka da ke naushin kafaɗar maharbi, zarrar tana ja da baya da ƙarfin da ya ninka na ɗaurin sinadari sau dubbai. Ta ɓalle daga maganin ke nan. Faransiyam yana da kusan minti biyar na yawo, bismut yana da 46, kuma bismut da ba a ɗaure ba ƙoda yake nufa. Aktiniyam kansa kusan ba ya fitar da gamar da za a iya amfani da ita, don haka abin da kyamara ke gani shi ne keV 218 na faransiyam da 440 na bismut, wato ɗa da tattaɓa-kunne, waɗanda wataƙila sun riga sun bar gida. A 2017 masu bincike a cibiyar TRIUMF da ke Vancouver ta Kanada sun nuna, da irin wannan na'ura ta VECTor kuma a abin gwaji na roba, cewa ana iya ɗaukar hoton su biyun a lokaci guda a raba su. In hotunan biyu suka saɓa, an ga yawon ke nan da ido.

Sai dai lissafin haske a nan ya fi muni. Aktiniyam ya fi bismut daɗewa sau ɗari uku da wani abu, ga alfa huɗu maimakon ɗaya, don haka bekarel ɗaya nasa yana zubar da alfa fiye da ninki dubu. Dole a rage abin da ake bayarwa. Mutum ana ba shi lutishiyam gigabekarel 7.4, wato megabekarel 7,400, a zama ɗaya, aktiniyam kuwa wajen kilobekarel 100 a kowane kilo na nauyinsa, wato megabekarel bakwai ko takwas gaba ɗaya. Ɓera rabonsa 'yan gomomin kilobekarel ne, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka ba ɓeran Rotterdam mai ƙari, wanda shi ma sai da aka yi sa'a guda a kan gawarsa. Shi ya sa wasu ke faɗaɗa hudar su haƙura da kaifin hoto, wasu ke ƙara kaurin kiristal, wasu kuma suka jefar da rariya gaba ɗaya suka koma kyamarar Compton, wadda ke gano hanyar da gama ta fito daga yadda ta karkata bayan karo a cikin na'urar.

Ko an warware duk wannan, akwai ratar da ta rage. Milimita 0.75 ta ninka tafiyar alfa kusan sau goma. A cikin ɗigo ɗaya na hoton ƙodar ɓera akwai ƙananan bututan tacewa masu yawa, kuma maganin ba ya bazuwa a cikinsu daidai wa daida. Sashen farko na bututun, mai tsotse furotin, shi ke tara shi, maƙwabcinsa kuma wataƙila bai sha komai ba. Kyamarar gama matsakaicinsu take bayarwa. Don ganin wannan sai an koma ga wuƙa: a daskarar da ƙodar, a yanka ta fale-fale, a shimfiɗa a kan allo mai walƙawa in alfa ta taɓa shi, kamar kyamarar alfa da Tom Bäck ya bayyana a Gothenburg ta Suwidin a 2010.

Rukunin Rotterdam ɗin bai bar maganar ƙoda a hoto kawai ba. A cikin shekarar 2016 ɗin, Ho Sze Chan, wadda sunanta ke cikin aikin hoton, ta jagoranci wani gwaji inda aka riƙa ba ɓeraye sinadarin laisin kafin allurar DOTATATE mai bismut. Laisin yana yi wa furotin ɗin cunkoso a ƙofar da ƙoda ke tsotse shi, dabarar da aka daɗe ana yi wa marasa lafiya masu karɓar lutishiyam. Ƙodar ɓerayen ta tara ƙasa da yadda take tarawa, suka kuma iya jure maganin fiye da waɗanda ba a ba su ba.